Sukarin Aljihunka Ba Na Rabo Ba Ne

Ali Kazaure, Jos

Zuwa ga ɗana Lawal,

Ka taɓa ganin fuskarka a lokacin da sukarin jikinka ya faɗi? Ba ka taɓa ba. Ni na gani, kuma ba sau ɗaya ba, saboda haka kada ka karanta takardar nan kana tsaki a ciki kana cewa Baba ya fara. Bari dai in yi sallama kamar mutanen kirki kafin in shiga faɗa. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya kai ka duwatsun Shere lafiya, ya tsare ka daga santsin dutse da abin da ke kwance cikin ciyawa, ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka.

Na san za ka ce mene ne na takarda alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka. Halina na sani. In na zaunar da kai, kafin in kai tsakiyar magana na ɗaga murya, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba" har in gaji, ka tashi ba abin da ya shiga kunnenka. Ka kuma ga na rubuta sunanka a sama, abin da bakina bai taɓa furtawa ba tunda kai ne na fari. Kada ka gaya wa kakarka. Rubutun nawa a jikin motoci da gwangwanaye na koye shi, inda ya karkace ka miƙe shi da kanka, ban da dariya.

Tafiyar nan ni na yarda da ita, kai shaida ne. Da likitan da ke duba ku ya ce yana so a tara ku, 'yan samarin da ke kan allurar ciwon sukari, na nan Jos da na Bukuru, a fita da ku daji ku yi 'yan kwanaki kuna hawan dutse, kuna dafa abincinku, kuna yi wa kanku allura ba uwa ba uba, innarka kuka ta sa. Kawunka Sale cewa ya yi, "Yaron da ake lallaɓawa kamar ƙwai za a kai wa dutse?" Na ce masa ƙwan nan wata rana zai yi gemu, kuma ba ni zan bi shi ɗakin matarsa ina tafasa masa allura ba. Har yau ina kan bakana. Ka je. Amma ka je da abin da na koya, don a jikinka na koye shi. Kai ka sha wuyar, ni na kwashi darasin, kuma wannan rabon bai yi adalci ba.

Farkon wautata kunya ce. Kana ƙarami ka fara shan ruwa kamar randa mai yoyo. Ka ci tuwo ka nemi ƙari, amma kullum ramewa kake yi. Na ga kiyashi sun yi layi a inda ka yi fitsari a bayan ɗaki, da idona na gani, na ɗauke kai. Me ya sa? Don kada a ce Garba mai gyaran keke ba shi da ta ido, ya haihu da ƙuruciya yana ta rawar kai a kan ɗan fari. Na bar wa innarka maganar, ita ma kunyar ta hana ta, ta bar wa kakarka, kakarka ta ce girma ne ke zuwa. Haka muka yi ta miƙa ka hannu zuwa hannu, kowa yana nuna ya fi kowa kara, har ranar da ka kasa tashi aka goye ka zuwa asibiti. Wace kara ce wannan, a zuba wa yaro ido yana narkewa don gudun bakin unguwa? Unguwar ba ta kwana da mu a barandar asibiti ba.

To ka ji. Kunya tana da wurinta, gaban suruki, gaban malami. Tsakaninka da jikinka ba ta da wuri. Tun a mota ka zaɓi yaro ɗaya mai hankali ka ce masa: ni in nawa ya faɗi gumi nake fara yi, hannuna ya kama rawa, sannan in shiga masifa ba dalili. Ka gaya masa gaskiya, masifar taka gado ce, za ka iya zaginsa, kada ya yi fushi ya wuce, ya ba ka zaƙi kawai. Kai ma ka tambayi nasa, don ba duka kuke iri ɗaya ba. Yohanna ɗan Bukuru, wanda muke haɗuwa da ubansa a layin asibiti, shi shiru yake yi, ya ƙura wa wuri ɗaya ido. In ka ga yaro ya yi irin wannan shirun a kan hanya, kada ka ce gajiya ce ka bar shi ya huta.

Wauta ta biyu ta fi muni, don a lokacin na riga na sani. Bayan an sa ka kan allura ka murmure, ka yi kumatu, sai na fara jin haushin abin. Kullum safiya a huda mini yaro, ni da sana'ata toshe huji ce! Wata rana na je Bukuru sayen kayan keke, na tarar da wani mai magani ya shimfiɗa buhu a bakin kasuwa, ga saiwoyi ga kwalabe, yana ta rantsuwa. "Ciwon zaƙi ai ɗaci ke kashe shi," in ji shi. "Nasara allura ya sani, mu kuwa tushe muke cirewa." Maganar ta zauna mini, don abin da nake so in ji ke nan. Na kawo jiƙon gida, na ce a ajiye allura. Innarka ta ce, "Malam, a bari mu tambaya mana." Na ce wa za a tambaya a gidana? Ka tuna ɗacin nan? Kana sha kana hawaye kana cewa ka gode. Ba a jima ba ƙishirwa ta dawo, amai ya biyo baya, numfashinka ya koma kamar na wanda ya hau tudu da kaya. A kan keken wani da aka kawo mini gyara na kai ka asibiti, ko birki babu. Da ka farfaɗo na koma Bukuru neman mai maganin da famfon keke a hannu, na tarar ya naɗe buhunsa ya yi gaba. Gara da ban same shi ba, da yanzu daga gidan yari takardar nan ta fito.

A daji kowa likita ne. Za ku bi ta ƙauyuka, wani tsoho zai tausaya maka ya tsinko ganye ya ce shi ke nan ka rabu da allura. Ka durƙusa ka yi godiya, don da zuciya ɗaya ya ba ka, sannan ka yi allurarka. Yawan da za ka ja kuwa, malamin asibitin da zai riƙa tarar ku a zango shi zai faɗa, don likita ya ce hawan dutse yana cin sukari kamar yadda allurar ke ci. Kada ka yi wa kanka ƙari ko ragi don ka ga wani ya yi. Kwalaben ruwan allurar na sa innarka ta raba, ɗaya a jakarka, ɗaya ka ba malamin asibitin ajiya, don gilashi ne kuma za ku yi ta faɗuwa. Taka ka naɗe ta a tsumma mai laima ka tura ta tsakiyar kaya, ba gefen da rana ke duka ba, kuma kada jakar ta kwana kusa da wuta. Sirinjin ka tafasa shi a gwangwaninka, ruwan ya tafasa sosai, ba ya yi ɗumi ka ce ya isa don abokai suna jira ba. Su jira. Gwajin fitsari ma ka koma bayan dutse ka yi abinka, ruwan gwajin ya zauna shuɗi ne, ya koma kore ne, ya yi ja ne, ka faɗi abin da ka gani. Na san ka, ka taɓa ce mini kore alhali ya yi jawur kamar ƙasar gini.

Sabon kambas ɗin da kawunka ya kawo maka, fari tas, wanda na ga kana ta shafawa, bar shi sai sallah. Tsohon za ka sa. Lokacin da nake ɗaukar kwanon ƙasa a filin kuza, kafin in koyi keke, na taɓa sa sabon takalmi don in burge innarka, na tako daga Bukuru zuwa nan. A hannu na iso da shi, dugadugaina sun saɓule, ita kuma dariya kawai ta yi. Nawa ya warke da kansa. Naka ba ya warkewa haka. Duk inda kuka sauka ka cire, ka duba tsakanin yatsu, ka shanya safa. Kududdufan da masu haƙar kuza suka bari kuwa, ko ƙafa kada ka tsoma, na san mutanen da suka shiga ba su fito ba.

Yanzu ga wadda ta zaunar da ni rubutun nan.

Ka tuna ranar alewa? In ka manta, ni ban manta ba. Ina dawowa daga rumfa da azahar na hango ka a ƙofar kantin Iya Bayarabiya, kana tsaye a titi kana tura alewa a baki da hannu biyu. Abu biyu suka taso mini lokaci guda. Ɗan gidan mutunci ba ya cin abu a tsaye a kan hanya, haka ubana ya koya mini da bulala. Ga shi kuma yaro mai ciwon sukari yana shan zaƙi! Ban tambaye ka komai ba. Na kaɗe hannunka, alewar ta faɗa kwata, na ƙara maka da mari. Ka dube ni kamar ba ka san ni ba, gumi yana tsiyaya, sai ƙafafunka suka lanƙwashe.

Iya ta fito a guje, ɗankwali a hannu, tana zuba mini Hausarta ta kasuwa. "Oga Garba, kai mahaukaci ne? Yaro ta zo tana rawa, ta ce Iya ba ni zaƙi, kai ka zo ka buga ta! Matsa can!" Ta ture ni, ni ƙato, ta ɗebo sukari tana shafa maka a cikin kumatu, tana kiran sunan nan naka da ni ban iya kira ba. Can ka buɗe ido ka ce, "Baba yi haƙuri, ba zan ƙara ci a hanya ba." Haƙuri ka ba ni! Unguwa ta taru tana kallo, ni kuma na rasa inda zan sa hannun nan.

Ashe innarka ce ta taɓa yi wa Iya bayani. Ni da aka yi wa bayanin a asibiti, rabin maganar na ɗauko: kada ya sha zaƙi. Ɗaya rabin, cewa allurar kan janye sukarin har ya yi ƙasa, kuma a wannan lokacin zaƙin ne kaɗai ke ceto, shi na baro a kan benci don ina sauri in koma rumfa. Ka riƙe abin da Iya ta yi, za ka iya buƙatarsa a kan wani. Yaron da ba ya iya haɗiya ba a ɗura masa ruwa. A kwantar da shi ta gefe, a shafa masa a kumatu, wani ya ruga ya kira malamin asibiti.

Marin nan bai fita daga jikinka ba, na lura. Har yau sai ka laɓe kake ci. In kuwa babu wurin laɓewa, sai ka yi ɗaya abin da na koya maka, ka fito da abin hannunka ka ce wa jama'a bismilla. Haka dabinon da innarka ta ba ka ya ƙare ranar wasan guje-guje a makaranta. Yara suka miƙo hannu, kai kuma ɗan halas ka raba, ka tashi hannu wayam, aka dawo mana da kai a kafaɗa. Da na yi faɗa ka ce, "Baba, kai ka ce marowaci ne ke ci shi kaɗai." Na faɗa. Gaskiya ce kuma a kan tuwo da gyaɗa da rake. To yau na janye ta a kan abu ɗaya. Mazarƙwaila da ƙwayoyin sukarin da innarka ta ɗinke maka a aljihun ciki magani ne, kuma ba wanda ke yi wa jama'a bismilla a kan magani. Ka ci a tsaye, ka ci kana tafiya, ka ci a gaban babba, ka ci ana tsakiyar magana. Wanda ya kira ka marowaci ka ce ubanka ne ya sa ka, ya zo rumfata ya same ni. Mutum ɗaya ne za ka buɗe wa aljihun nan, ɗan'uwanka da nasa ya faɗi kuma guzurinsa ya ƙare. Shi kam ka ba shi, sannan ka faɗa nan take a cika maka.

To ga abin da ka ɓoye mini. Jiya innarka ta buɗe kwanonta ta tarar mazarƙwailar ta dawo ciki. Ta duba rigarka, zare a warware, aljihu ba komai. Da ta matsa maka ka ce Saje ya hana. Ni ba ka gaya mini ba, don ka san abin da zan yi. To na yi.

Sai jiyan na ji cewa likita ya tafi hutu ƙasarsu, ya bar jan tafiyar a hannun Saje Bawa, tsohon sojan nan mai koya wa 'yan makaranta fareti. Na same shi a fili da la'asar yana busa wa wasu abokan tafiyarka usur. Na yi sallama, Allah ya sani da ladabi na fara. Na ce, "Saje, an ce ka hana yara riƙe zaƙi a aljihu?"

"Na hana," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Za a caje kowa a bakin mota. Abinci duka buhu ɗaya, a kan jaki, a baya. An ci da safe, sai an sauka zango."

"In na wani ya faɗi a tsakiyar dutse fa, jaki yana can gindin tudu?"

"Ya daure. Mu da muka yi yaƙi, wa ya ba mu alewa? Kai wane irin uba ne ma? Yaro ciwon sukari gare shi, kana cusa masa sukari. Likita da bakinsa ya ce a kiyaye musu zaƙi. Oda ce."

Ka ji fa! Tunanina ne sak na ranar alewa, ya sa kaki, ya rataya usur, ya dawo ya tsaya a gabana. Nan ya kamata in sassauta murya in ba shi labarin Iya. Maimakon haka na ce masa a yaƙin ma ina jin tukwane ya riƙa wankewa, na ce kan nasa da usur ɗin ba bambanci, iska ke shiga ta fita. Yara suka ƙyalƙyale da dariya. Daga nan ba abin da ya ƙara ji. Ya ce in bar masa fili, na bari. Ka ƙara wannan a cikin wautata, ita ce sabuwa fil. In lafiyar wani naka tana hannun mutum, kada ka kunyata shi don bakinka ya ji daɗi. Kai kada ka yi masa rashin kunya a daji ko kaɗan. Ka ce "to Saje" a kan layi da fareti da ɗebo itace. A kan aljihun nan ne kaɗai babu "to".

Daga filin na wuce wurin malamin asibitin. Ya ce ai ya sani, zai yi wa Saje magana. Yaushe? "In an sami sarari." Shi ba ya cikin masu hawa, ta hanyar ƙasa zai riƙa zagayawa da kekensa yana jiran ku a zango, kuma na ga alama muryar Saje ta fi ƙarfinsa. Wane sarari yake jira, mota gobe za ta tashi? Na bi gidajen iyayen da na sani, na aika wa uban Yohanna saƙo Bukuru da motar yamma. Wasu ko labarin dokar ba su ji ba, don 'ya'yansu ma irinka ne, sun haɗiye. Wata uwa ce mini ta yi, "Ai su suka sani, mu namu addu'a." Na ce addu'a muna yi, Gwaggo, amma Allah bai ce a ɗora maganin yaro a kan jaki ba.

Innarka ta sake ɗinke aljihun, ta ninka zaren. Ta ce a matsar da shi ƙarƙashin hammata inda mai caje ba zai taɓa ba, na ce a'a. Ba sata ka yi ba. In kai ka tsira da naka a ɓoye, sauran fa? Kuma yaron da zai laɓe bayan dutse ya ci, a bayan dutsen zai faɗi, inda ba mai ganinsa.

Allah ya tsare ka, ya tsare abokan tafiyarka, na masallaci da na coci. Allah ya sa ku hango Jos daga sama ku yi mana dariya, ya dawo da ku ba wanda aka ɗauko. Allah ya yi maka albarka. Innarka tana gaishe ka, tana can tsakar gida tana soya maka gyaɗa tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne.

Amma jakarka tana hannuna, kuma ba za ta hau mota ba sai an yi abu ɗaya. Gobe da safe a Titin Bauchi, inda motar za ta ɗauke ku, zan tsaya, iyaye za su tsaya. Zan fara ba Saje haƙuri a kan zancen tukwane, a gaban yaran da suka yi dariya, don a gabansu na yi. Sannan zan tambaye shi, malamin asibitin yana gefensa, ba a kunne ba, ba a bayan mota ba. Yaran nan za su hau dutse da zaƙinsu a aljihu, ko ba za su hau ba? Wanda hannunsa ya kama rawa zai tsaya ya ci ba sai ya nemi izini ba, ko sai ya jira jaki? In kuma har yanzu oda ce, to ya faɗa mana wanda zai sauko da yaron, ya kai shi ƙofar gidan uwarsa, ya yi mata bayani da bakinsa. Ba na son "za a duba". Saje Bawa ya ajiye usur, ya buɗe baki ya amsa, kowa yana ji.

Ni ne ubanka,
Garba mai gyaran keke